Bature Gagare da Ƙarshen Alewa Ƙasa: Marubucin da Muka Yi wa Rowar Yabo

Duk lokacin da aka zauna ana lissafa gwanayen ƙagaggun labarai na Hausa, sunayen da kan fara zuwa baki sanannu ne. Za a ambaci Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga nan sai a yi tsalle a dira kan marubutan soyayya na Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu. A tsakanin waɗannan rukunai biyu akwai wani Bakatsine da ba a cika tunawa da shi ba, wato Bature Gagare, mawallafin Ƙarshen Alewa Ƙasa. A ganinmu wannan mantuwa rashin adalci ce, kuma mu marubuta ne muka fi kowa asara da ita.

Littafin ya samu ne ta dalilin gasar da Hukumar Al'adu ta Tarayya ta shirya, kuma ya fito a 1982 tare da irin su Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Zaɓi Naka na Munir Muhammad Katsina, da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello. Mai karatu zai lura cewa uku daga cikin waɗannan huɗu 'yan Katsina ne, a lokacin da ƙasar Katsina take cikin tsohuwar Jihar Kaduna, domin sai a 1987 ta samu jiharta. Na Gagare ya fi su girma, don ya haura shafi 300, abin da ba a saba gani ba a littattafan Hausa na wancan zamani.

Tauraron labarin, Mailoma, Bamaguje ne daga ƙauyen Tsaunin Gwano. Ya shiga soja, ya ga yaƙin basasa, ya fito da sanin makami da bushewar zuciya. Daga nan ya tara miyagu irinsa, suka shiga harkar makamai da kayan maye da kashe-kashe, har abin ya ƙare da halaka, kamar yadda karin maganar da ke kan littafin ta yi alkawari tun daga bango.

Jigon nan daga zamaninsa Gagare ya tsamo shi. Kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba, amma da aka gama yaƙi sun kai kusan 250,000. Makamai suka bazu a hannun mutane, fashi da makami ya yi ƙamari har gwamnatin soja ta kafa dokar harbe 'yan fashi a 1970, aka kuma harbe Ishola Oyenusi a bakin teku a Legas a 1971. Tambayar da littafin ya ɗora a gaban mai karatu ita ce: idan ƙasa ta koya wa saurayi kisa, sa'an nan ta sallame shi ba sana'a ba madafa, me take jira ya zama?

To, me ya sa aka yi wa irin wannan aiki rowar yabo? Muna ganin dalilai uku. Na farko, mun saba auna littafi da mudun wa'azi. Muna son tauraro mai ladabi wanda za a ce wa yara su yi koyi da shi, mugu kuwa a ajiye shi a gefe har ranar da za a hukunta shi. Gagare ya ɗauko mugun ya dasa shi a tsakiyar fage, ya tilasta mana mu bi shi shafi bayan shafi. Na biyu, mutanen da ya cika littafin da su, wato Maguzawa da tsofaffin sojoji da mashaya da 'yan bariki, mutane ne da adabinmu ya saba kawar da kai daga gare su. Na uku, jim kaɗan bayan fitowarsa kasuwar littattafan soyayya ta buɗe a Kano a tsakiyar shekarun 1980, masu araha, masu saurin karantuwa, sai ƙaton littafi mai cike da jini ya rasa masu tallarsa. Manazarta irin su Graham Furniss, a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa, sun ba shi matsayinsa, amma wannan yabo bai sauko daga jami'a ya iso ga matasan marubuta ba.

Wasu kan ce irin wannan rubutu baƙo ne, an aro shi daga Turawa. Gaskiya ne matasan wancan lokaci sun sha karanta James Hadley Chase na Ingila, kuma tun 1945 Faransawa suke da jerin littattafan da suka kira baƙaƙen labarai, inda tauraro kan nutse cikin laifi ya kasa fita. Amma kada mu manta da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko na shekarun 1930. A can ma kuɗi ne ya raba masoya, ramuwar gayya ta mai da yaro ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa ba da sani ba. Ashe duhun nan yana da asali a gidanmu. Gagare ya tarar da hanyar ta yi ciyawa ne, ya share ta, ya shigo da bindiga da mota da birni.

Ba mu ce littafin ba shi da aibu ba. Akwai wuraren da zubar da jini ya yi yawa har ya daina girgiza mai karatu, akwai kuma inda labarin ya ja tsawo fiye da bukata, da an sami editan da zai rage shi da ya ƙara kaifi. Sai dai waɗannan kurakurai ne na marubucin da ya ɗauko kaya mai nauyi, kuma sun fi mana tsabtar wanda bai ɗauki komai ba.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne halin da ƙasarmu ta shiga. A Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Mu da muke zaune a yankin Kankiya da Kusada ba ma bukatar jarida ta gaya mana ma'anar kwana cikin fargaba. Dalilan wannan fitina ba ɗaya suke da na zamanin Mailoma ba, amma saurayi mai riƙe da bindiga wanda ya yanke ƙauna daga al'umma, shi ne dai wanda Gagare ya zana shekara 38 kafin Ƙanƙara. Duk da haka, littattafai nawa muka rubuta da suka shiga zuciyar irin wannan yaro suka nuna mana ranar da ta fara taurare?

Ga masu sha'awar rubutu, darasin a fili yake. In za ka rubuta labarin mugu, ka ba shi uwa da ƙauye da dalili, don mugun da ya faɗo daga sama ba ya tsorata kowa kuma ba ya koyar da komai. Ka san aikin da kake bayani, yadda ake sayen makami da yadda kuɗin haram ke zagayawa, kada ka cika shafi da ihu kawai. Sa'an nan kada ka tsayar da labari don ka hau mumbari. Bar sakamakon aikin ya yi wa'azin da kansa, mai karatu ba yaro ba ne.

Muna kira ga ƙungiyarmu da ta ware zama guda na karatu domin wannan littafi, a nemo kwafe ko da aro ne, a karanta a yi muhawara. Haka kuma muna roƙon masu ɗab'i su sake fito da shi cikin farashin da ɗalibi zai iya saye. Yabon gwani ya zama dole, kuma na Bature Gagare ya daɗe yana jira.