Karnuka, Aladu da Tumaki: Sharhi a kan Faifan Animals

A shekarar 1977 ne ƙungiyar mawaƙan Ingila mai suna Pink Floyd ta fitar da faifan Animals, inda Roger Waters ya kasa 'yan Adam kashi uku: aladu masu mulki, karnuka 'yan kasuwa maciya amana, da tumaki masu bin duk inda aka kora su. Wanda ya karanta Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell a 1975, zai gane tushen wannan siffantawa. Sai dai shi Orwell da mulkin Stalin yake, Waters kuwa jari-hujjar ƙasarsa ya tasa gaba.

Ƙarfin faifan yana cikin waƙar karnuka, wadda ta kai minti 17. Jitar David Gilmour ba ta gaggawa. Tana rakiyar kare tun daga ƙuruciyar farauta har ya tsufa, ciwon daji ya kashe shi ba kowa a kansa. Rauninsa kuwa ga tumaki yake. Orwell ya ba talaka fuska, wato dokin nan Akawal, har mai karatu ya ji zafin sayar da shi. Tumakin Waters ba su da ko suna. Ko da suka tashi suka kashe karnuka, mai sauraro ba ya da wanda zai taya murna.