Kusurwar Karkatar Allura: Tsokaci Kan Yadda Ake Koyar da Ita da Hausa

Daga cikin kalmomin kimiyyar lantarki da muka yi wa duban tsanaki, wadda ake fassara karkatar allurar ma'auni da ita tana buƙatar gyara. Akan ce "motsin allura" ko "tafiyar allura". A ganinmu waɗannan kalmomi suna da rauni, domin suna sa ɗalibi ya zaci tazarar da bakin allura ya ci ake aunawa, alhali kuwa kusurwa ce abin lissafi. Idan allurai biyu, ɗaya mai tsawon santimita 4, ɗaya kuma 8, suka karkata da radiyan 0.5, bakin ta farko zai ci santimita 2, na ta biyu kuwa 4, amma karkatarsu ɗaya ce.

Rauni na biyu shi ne ba da ƙa'ida ba tare da dalilinta ba. A galbanomita mai naɗin waya, irin wadda d'Arsonval da Deprez suka ƙera a Faransa a 1882, lantarki yana murɗa naɗin da ke cikin maganaɗisu, sifirin kuma yana turjewa. Allura takan tsaya inda ƙarfin biyu suka yi daidai, wato kθ = NBIA. Wannan ne ya sa kusurwar ke ƙaruwa daidai da kwararar lantarki.

Na uku, akan ɗora wannan hukunci a kan kowane ma'auni, wanda kuskure ne. Idan miliampiya 10 ta karkatar da allura digiri 90, miliampiya 5 za ta ba da digiri 45 a ma'auni mai naɗin waya. A ma'auni mai ƙarfe mai motsi kuwa, inda karkata ke bin murabba'in kwararar, kusan digiri 22.5 za a samu.

Sai batun awo. Radiyan ɗaya kimanin digiri 57.3 ne. Ɗalibin da ya sa 30 a gurbin 0.52 zai sami amsar da ta ninka ta gaskiya kusan sau 57.

Saboda haka muna ba da shawarar a tsayar da "kusurwar karkata" a manhaja, a riƙa rubuta awonta a kowane misali, a kuma koyar da radiyan a darasin lissafi kafin a zo ga ma'aunan lantarki.