Haihuwa da Nauyinta: Tsokaci a Kan Jigon "Alhaki Kuykuyo Ne"

Manazarta sun saba ɗaukar "Alhaki Kuykuyo Ne" na Balaraba Ramat Yakubu (1990) a matsayin labarin kishi da zaluntar mata. Mu kuwa a ganinmu, babban jigonsa shi ne haƙƙin ɗa a kan wanda ya yi sanadin zuwansa duniya.

Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne a Kano, yana da rufin asiri. 'Ya'ya tara Rabi ta haifa masa, amma kuɗin cefanen da yake bayarwa ba ya ciyar da su. Da ya auro Delu, sai ya kori Rabi, yaran kuma suka koma wuyanta, ta kama sayar da abinci don ta riƙe su. A nan marubuciyar ta sa mu sake duban karin maganar nan da ke cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Haka ne, bakunan tara sun ci, amma da gumin uwa, alhali uban da ciyarwar ta wajaba a kansa yana raye.

Wannan matsayi ya sha bamban da na Abul Ala'i al-Ma'arri, makahon mawaƙin Sham da ya rasu a 1057, wanda ya ƙi aure domin yana ganin haihuwa kanta laifi ce da uba ke yi wa ɗa. Balaraba ba ta zargi haihuwa ba. Abin da ta la'anta shi ne a haifa a zubar.

Sai dai warwarar jigon tana da rauni. Gobarar kasuwa ce ta karya Alhaji Abdu, auren Saudatu da attajiri Alhaji Abubakar kuma ya ɗaga gidan Rabi, wato duk ƙaddara ce ta yi aiki. Ina makomar yaran da ba su da 'yar'uwar da za ta auri mai kuɗi? Daga ƙarshe ma matsa wa Rabi aka yi ta koma wa mijin, yayin da bashin da 'ya'yan ke bin ubansu ya tafi ba a biya ba.

Duk da haka, littafin ya bar mana tambaya mai nauyi. Ɗa ba ya roƙon a haife shi. Wanda ya nemi haihuwar, me ya tanadar masa kafin ranar suna?