Kaboyi a Bakin Ganuwa: Fim ɗin Amurka da Mutanen Cikin Birni

In hira ta biyo ta kan silima tsakanin dattawan unguwar Mandawari ta birnin Kano da suka yi samartaka a shekarun 1950 da 1960, da wuya ka ji sunan darakta ko na kamfani. Abin da za ka ji shi ne "kaboyi": mutum mai malafa, bindiga a ƙugu, bisa doki, ba ya yawan magana. Wannan shi ne Ba'amurken farko da ɗan birni ya sani, kuma yadda aka karɓe shi, da inda aka tsayar da shi, sun bayyana halin Kano fiye da yadda suka bayyana halin Amurka.

Silima ba a cikin gari ta sauka ba. Rex, wadda aka buɗe a 1937, a Sabon Gari take, kuma Kwarori, wato 'yan kasuwar Labanan, su ne suka riƙe harkar. Abin da ɗan birni ya saba da shi majigi ne, na gwamnati, kyauta, a fili, ana nuna tsabta da noma da ziyarar manya. Silima kuwa ta kuɗi ce, ta dare ce, a wajen ganuwa take, kusa da mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. Yaron da zai taso daga Mandawari, unguwar da ke maƙwabtaka da fada, ya nufi Fagge ko Sabon Gari bayan isha'i, ya san sunan da yake saya wa kansa. Da gobara ta tashi a silimar El Duniya ranar 13 ga Mayu, 1951, ta ci mutum 331, mutane da dama a cikin gari ba su ɗauke ta hatsari ba, hukunci suka ɗauke ta. Duk da haka a farkon shekarun nan aka buɗe Palace a Jakara, daf da Kasuwar Kurmi, cikin ganuwa. An tarbe ta da jifa da tsinuwa, daga baya ma aka rufe ta, aka mayar da ginin asibiti.

To me samari suke gani da har suke jure wannan? Ba Turanci ba dai, don mafi yawan 'yan kallo ba sa jin sa, wanda ya yi makarantar boko ma Turancin hanci na Amurka yakan gagare shi. Fim ɗin kaboyi bai buƙatar tafinta. Da an nuno fuska ka san wane ne akta, wane ne bos, kuma kowa ya san akta ba ya mutuwa. Sai a tsaya ana jiran yadda za a yi. Ga kuma doki. Garin da yake hawan sallah, yake da masu sukuwa da masu kiwon dawaki unguwa-unguwa, ba za a koya masa kallon mahayi ba. Ɗan kallo yana lura da zaman mutum a kan sirdi, da yadda yake jan linzami, da yadda zai diro daga bene ya faɗa bayan doki. A nan ihu yake tashi, da fito, da buga benci. Wurin da aka tsaya doguwar magana kuwa, lokacin sayen gyaɗa ne.

Wani abin da kan ba ni mamaki shi ne, mutanen da Bature yake mulka a lokacin su ne suke tafa wa farar fata yana karkashe 'yan asalin ƙasar Amurka, masu gashin tsuntsu a ka. Fim ɗin ya riga ya zaɓa wa mai kallo gwaninsa. Haka kuma ba a damu da asalin kayan ba: Django na 1966 na Italiya ne, finafinan da suka fito da Clint Eastwood tun daga 1964 a Sifaniya aka ɗauki yawancinsu, amma a nan duk kaboyi ne, duk Amurka ce.

Abin ba Kano kaɗai ya shafa ba. A fim ɗin Jean Rouch na 1958, Oumarou Ganda, ɗan Nijar mai dako a Abijan, da sunan Edward G. Robinson yake kiran kansa. A 1966 Moustapha Alassane ya shirya wani fim a Nijar kan saurayin da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Alassane ya gano bakin zaren: kaboyi kaya ne da ake sawa, da laƙabi, da salon tafiya. Iyakarsa ke nan.

Dalili kuwa a fili yake. Dubi Shane na 1953: baƙo ya shigo gari, ya kashe azzalumai, ya hau dokinsa ya tafi. Ba a san uwarsa ba, ba a san surukansa ba, ba wanda zai nema masa aure, ba wanda zai yi masa faɗa ya sunkuyar da kai. A Amurka wannan shi ne cikar namiji. A Mandawari, mutumin da ba a san gidansu ba ko ɗaki ba a ba shi haya sai an yi bincike. Shi ya sa da Kwarorin nan suka fara kawo finafinan Indiya a shekarun 1950, sai kasuwa ta juya. Can akwai uba mai tilasta aure, da uwa mai kuka, da talaka mai son 'yar mai kuɗi, da kunya, da waƙa. Mai kallo ya ga rigimar gidansu. Zuwa shekarun 1990, yadda Brian Larkin ya tarar a bincikensa na Kano, dare biyar na mako na Indiya ne, ɗaya na 'yan kareti, ɗaya tak na Amurka.

Akwai kuma siyasar kasuwa. A 1981 ƙungiyar kamfanonin fim na Amurka ta dakatar da turo kaya Nijeriya, sai Rambo da ire-irensa suka shigo ta kaset ɗin bidiyo da ake kwafa, hoto dishi-dishi, ana sayarwa a Ƙofar Wambai. Talabijin ma ta kawo nata, amma abin da yake tara gida guda gaban akwati a lokacin shi ne wasan Samanja da fim ɗin Indiya.

Ranar da Kanawa suka ɗauki kyamara da kansu aka ga wanda ya ci gado. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa Sangaya, soyayya da aure da kishi da waƙa ne suka cika fim ɗin Hausa. Daga Amurka an ɗauko rabin suna, lokacin da Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa masana'antar Kannywood a mujallar Tauraruwa, an ɗauko naushi da harbi a 'yan wurare. Labarin kansa, ba a ɗauko ba. Kaboyi ya yi shekara da shekaru yana nishaɗantar da samarin birni, amma a zaure aka sauke shi, bai taɓa shiga cikin gida ba.