3.2 Jirgin Ƙasa a Adabin Hausa: Waƙar Diga da Mutanen da Dogo Bai Kai Gare Su Ba

A wannan sashe za a dubi yadda adabi ya ɗauki hoton jirgin ƙasa, da kuma abin da wannan hoto ya bari a baya dangane da mutanen Taloka da sauran garuruwan Wurno da Raba da Goronyo.

Layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911. A 1929 aka kai wani reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda. Daga nan bai ƙara gaba ba, don haka gabashin Sakkwato bai taɓa samun tasha ba.

Fitacciyar rubutacciyar waƙa a kan wannan al'amari ita ce Waƙar Diga ta Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903. Abin lura na farko shi ne sunan waƙar. Mawallafin bai kira ta da sunan jirgi ba, sai da sunan diga, wato makamin da lebura yake sarar ƙasa da shi. Wannan ya nuna cewa tun kafin Bahaushe ya san daɗin jirgi, wahalar gina hanyarsa ya fara sani.

Sai dai a ra'ayin mai wannan nazari, bai kamata a ɗauki waƙar a matsayin muryar talaka kai tsaye ba. Dalili kuwa shi ne, ta hannun sarakuna da hakimai Turawa suka riƙa tara leburorin aikin dogo. Ke nan mawallafin shaida ne, kuma yana cikin masu zartar da umurnin. Wanda ya ga aiki daga kan doki dabam, wanda ya riƙe diga dabam.

Idan aka kwatanta da littafin Sembene Usman na Senegal, Les Bouts de bois de Dieu (1960), za a ga bambanci. Shi ya gina labarinsa ne a kan yajin aikin ma'aikatan layin Dakar zuwa Bamako na 1947 zuwa 1948, ya bar leburori da matansu suka yi magana da bakinsu.

A nan ne matsalar take ga ƙasar Taloka. Rashin tasha bai raba mutanenta da jirgi ba. A da, 'yan cin rani sukan gangara Gusau ko Ƙauran Namoda su shiga jirgi zuwa Kurmi, haka ma gyaɗa da auduga da fatun akuyar Sakkwato ta nan suka bi zuwa bakin teku. Jirgi ya kwashi ƙarfinsu da amfaninsu, amma kasuwa da albarkar tasha suka tsaya ga garuruwan bakin dogo. Ko layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta Katsina da Jibiya aka tsara shi.

Saboda haka, mai neman labarin waɗannan mutane sai ya koma ga adabin baka, wato waƙoƙin daka da niƙa na matan da aka bari a gida, da hirarrakin tsofaffin 'yan cin rani. Masu riƙe da wannan taska kullum raguwa suke yi, kuma duk wanda ya kwanta dama ba a naɗi muryarsa ba, ya tafi da nasa kason. Wannan shi ne abin da babi na huɗu zai mayar da hankali a kansa.