Matsalar "Asalin Waƙa" a Nazarin Waƙar Baka: Tasirin Faifan Garmaho

Manufar wannan maƙala ita ce jawo hankalin manazarta ga wata al'ada da ta zama ruwan dare, wato ɗaukar abin da aka naɗa a faifai a matsayin asalin waƙa, sannan a riƙa auna duk wani rerawa da ya biyo baya da shi, ko na mai waƙar ne, ko na wani da ya maimaita ta.

Faifan garmaho mai juyi 78 a minti ɗaya galibi ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti uku a kowace fuska. Ƙaramin faifan roba mai juyi 45, wanda kamfanin RCA Victor ya fito da shi a Amurka a 1949, bai ƙara wani abin kirki a kan haka ba. To, waƙar makaɗin Hausa kuwa ba ta san agogo ba. Kamar yadda Gusau ya fayyace a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), gindi ne ke tsaye, ɗiya kuma jagora ke saƙa su gwargwadon fage da mahalarta. Da zarar an ce masa ya taƙaita, abin da zai fara zubarwa shi ne yawan ambaton mutane, da zambo, da habaici ga abokan hamayya, alhali nan ne azancinsa ya fi fitowa. Saboda haka matanin da ɗalibi ya rubuto daga irin wannan faifai guntu ne, ko da ya zo da lambar kamfani.

Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata (ya rasu 1999) ta isa misali. Ya rera ta a lokuta da dama, ɗiyanta suna ƙaruwa suna raguwa. Wacce daga ciki za a kira ta asali? A ganinmu tambayar ce ba ta dace da waƙar baka ba.

Duk da haka, faifai yana da ranarsa, musamman wajen haƙƙin mallaka. Waƙar "Mbube" da Solomon Linda ya naɗa a Afirka ta Kudu a 1939 ta koma "The Lion Sleeps Tonight" a Amurka a 1961, ta tara wa wasu dukiya, shi kuwa ya rasu cikin talauci a 1962. Wannan ɗan faifai na minti uku shi ya zame wa magadansa shaida, har aka sasanta da su a 2006. Magadan makaɗan kalangu da kotso, waɗanda matasa ke sake rera waƙoƙinsu da fiyano, suna buƙatar irin wannan shaidar.