Masu Baza Littattafai a Bakin Titin Kakuri

Jinjina ga masu baza tsofaffin littattafai a kan buhu daga Kakuri zuwa Barnawa. Tun zamanin da masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ke cike da ma'aikata, su ne ke shayar da masu ƙishin labarin kisa da bincike. Littafin James Hadley Chase bangonsa ya yage, an liƙe da salatif, amma shafin ƙarshe na nan, domin mai sayarwa ya san wanda aka hana sanin makashi ba ya dawowa.

Kuma su alƙalai ne. Ɗauki My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, wanda ya fito a 2018: Ayoola na kashe samarinta a Legas, yayarta Korede, ma'aikaciyar jinya, na goge jinin. Tsaya wajen buhun ka ji musu. Wani ya ce Korede ta fi laifi, wata ta ce jini ya fi ruwa kauri, ina za ta kai ƙanwarta? Mai littattafan sai ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, saya ka karanta tukuna." Ni dai ina bayan masu zargin Korede.